Fitsari Najasa Ne, Kuma Shaida Ne A Kan Lafiyar Mai Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata halittarsa, Ya sanya masa mashigar abinci da abin sha, Ya kuma sanya masa mafitar abin da zai cutar da shi in ya zauna a jikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ina neman afuwar mai karatu, domin maganar da zan ɗauko a wannan wata ba irin wadda aka saba yi a bainar jama'a ba ce. Magana ce a kan fitsari. Na san wasu za su yamutsa fuska tun daga ganin kan maganar, amma abin da ya tilasta mini rubutu ya fi ƙarfin kunya.

Ina da wani maƙwabci a Makera, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, wanda bayan an rufe wurin aikinsu ya koma haya da babur don ya ciyar da iyalinsa. Mutum ne mai tsananin kula da tsarki. Ba ya barin makewayi sai ya tabbatar ɗigo ya yanke, kuma ko zargin fantsali ya yi a wandonsa sai ya canja kafin ya shiga sallah. Wannan bawan Allah ya fi shekara yana ganin kumfa a fitsarinsa, kumfa mai kauri wadda ba ta saurin bajewa. Da farko ya ɗauka ragowar sabulun wanki ne a ƙasan makewayi. Daga baya wani ya ce masa sanyi ne, ya sayi jarkar jiƙo ya yi ta sha. Kullum da yamma kuma, in ya dawo aiki jiki ya yi tsami, sai ya tsaya wurin mai tallan magani ya sayi ƙwayoyin ciwon jiki ya haɗiya. Bai je asibiti ba sai ranar da takalminsa ya ƙi shiga ƙafarsa don kumburi. A nan aka gaya masa ƙodojinsa duka biyu sun gaza. Aka fara wankin ƙoda. Babur ya tafi, filin gado ya tafi, 'yan'uwa suka yi karo-karo har suka gaji, daga ƙarshe ya koma ga Ubangijinsa ya bar mata da ƙananan yara. Allah Ya jiƙansa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi mini a gadon asibiti. Ya ce da likita ya tambaye shi tun yaushe yake ganin kumfar, kuma me ya hana shi zuwa, sai ya rasa amsa. Ya ce: "Malam, ni an koya mini in wanke, ba a taɓa koya mini in duba ba."

Wannan ita ce hujjata. Mun karantar da mutanenmu hukuncin fitsari, kuma mun yi daidai. Amma mun bar su cikin duhu game da abin da ke cikinsa, alhali mutumin da yake tsarki sau da dama a kowace rana shi ya fi kowa damar ganin canji tun yana ƙarami. Ra'ayina shi ne sanin abin da fitsarin mai lafiya ya ƙunsa, da abin da bai kamata a gani a cikinsa ba, ya cancanci ya shiga karatunmu na tsarki, kuma gwada shi ya zama al'adar unguwanninmu.

ME KE CIKIN FITSARIN MAI LAFIYA?

Fitsari daga jini yake fitowa. Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan mitsi-mitsin matatu kimanin miliyan 1, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke harbawa ta ƙoda yake bi. A cikin yini da dare waɗannan matatu suna tace ruwan jini kimanin lita 180, wato jarka 9 masu cin lita 20, kusan lodin kurar ɗan garuwa. Da duk wannan ruwa zai fita, da mutum bai kai azahar da rai ba. Sai ƙodar ta sake mayar da kusan kashi 99 cikin 100 zuwa cikin jini, tare da sukari da gishiri da sauran abubuwan da jiki ke buƙata, ta bar abin da ya rage ya gangara mafitsara. Abin da babban mutum mai lafiya ke fitarwa a rana yana tsakanin ƙasa kaɗan da lita 1 zuwa lita 2, gwargwadon abin da ya sha da gumin da ya yi.

Kimanin kashi 95 cikin 100 na fitsari ruwa ne zalla. Ragowar kashi 5 ɗin su ne abubuwan da suka narke a ciki, waɗanda in aka busar da fitsarin yini guda za su kai kimanin giram 60.

Mafi yawa a cikinsu shi ne uriya, wanda ya kai kusan rabi, wato giram 20 zuwa 30 a rana, kamar cikin cokalin cin abinci biyu. Manomi ya san wannan suna, domin shi ne dai sinadarin da ke cikin farin takin zamani na Uriya da muke zuba wa masara, sai dai na buhu a masana'anta ake haɗa shi. Asalinsa a jiki shi ne, idan mutum ya ci nama ko wake ko ƙwai ko kifi, jiki ya ɗauki abin da zai gina tsoka da shi, ragowar tana zama amoniya, wadda guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Sai hanta ta juya ta zuwa uriya mai sauƙin cutarwa, jini ya kai wa ƙoda, ƙoda ta fitar. Shi ya sa mai yawan cin nama uriyarsa ta fi ta mai tuwo da miyar kuka yawa. Wannan uriya ce kuma sanadin zarni. Sabon fitsari ba ya da wari mai ƙarfi. Sai ya daɗe a ƙasa ƙwayoyin halitta na bakteriya sun farfasa uriyar ta koma amoniya, sannan lungu ya ɗauki zarnin da ke hana mutum wucewa.

Na biyu shi ne gishiri, wato sodiyam da kulorin, sannan fotasiyam. Kusan duk gishirin da mutum ya ci ta fitsari yake fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da burodi da yajin tsire. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan ƙarin aiki ne ga ƙoda, kuma hanya ce ta hawan jini.

Na uku shi ne kiriyatinin, wanda tsoka ke fitarwa kullum a kan ma'auni kusan guda, giram 1 zuwa 2 a rana. Saboda rashin canjawarsa likitoci suka mayar da shi sikeli. Idan suka ga ya taru a cikin jini fiye da ƙima, sun san matatun sun fara gazawa. Sai kuma asid ɗin yurik, wanda bai kai giram 1 a rana ba, amma in ya yi yawa yana iya daskarewa ya zama tsakuwar ƙoda ko ya taru a gaɓoɓi ya sa ciwo. Akwai kuma ɗan amoniya, da fosfet, da salfet, da ɗan kalsiyam da magniziyam. Gaba ɗaya fitsari yana da ɗan tsami kaɗan, kuma ta nan ne ƙoda ke hana tsamin da abinci ke haifarwa taruwa a jini.

Launinsa na ruwan ɗorawa kuwa yana da nasa labarin. Jajayen ƙwayoyin jini kwana kimanin 120 suke yi su tsufa. In sun mutu, jiki ya ɓare su, launinsu ya bi ta hanta ya shiga hanji, ƙwayoyin bakteriya na hanji su sake juya shi, wani kaso ya koma jini, ƙoda ta fitar da shi a matsayin sinadarin yurobilin. Shi ne ke rina fitsari. Sai a shekarar 2024 ne masu bincike a Amurka suka bayyana ainihin sinadarin da bakteriyar hanji ke yin wannan aiki da shi. Kafin nan, a 2013, masana a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun tattara sunayen sinadarai fiye da 3,000 da ake iya samu a fitsarin ɗan Adam. To ka ji abin da muke zubar wa ruwan buta ba tare da waiwaye ba.

ABIN DA BAI KAMATA A GANI BA

Amfanin sanin abin da ke cikin fitsarin mai lafiya shi ne gane baƙo in ya shigo. Baƙin da suka fi muhimmanci guda huɗu ne.

Na farko furotin, wato sinadarin gina jiki. Matatar ƙoda mai lafiya ba ta barinsa ya wuce sai ɗan abin da bai kai miligiram 150 a rana ba. Idan matatar ta fara yagewa, kamar rariyar da ta huje, sai ya riƙa zuba, kuma alamarsa ita ce kumfar da ke tsayawa. Wannan shi ne abin da maƙwabcina ya yi shekara yana gani. Ga mai juna biyu kuwa, furotin a fitsari tare da hawan jini gargaɗi ne na jijjiga, wadda ke hallaka uwa da ɗa. Wannan ne dalilin da ya sa ake karɓar fitsari a wurin awon ciki, kuma duk mijin da ya hana matarsa zuwa awo ya san abin da yake hana ta.

Na biyu sukari. Ƙoda tana mayar da dukkan sukarin da ta tace zuwa jini, sai idan ya yi yawa har ya wuce kimanin miligiram 180 a cikin kowane kashi 1 cikin 10 na litar jini, sannan ya fi ƙarfinta ya tsallake. In ya tsallake yana jan ruwa tare da shi. Shi ya sa mai ciwon sukari yake yawan fitsari, yana tashi sau da yawa cikin dare, yana fama da ƙishirwa, yana ramewa alhali yana ci. Kiyashi da ke taruwa a inda mutum ya yi fitsari tsohuwar alama ce, likitocin Indiya na zamanin da sun ambace ta. A 1776 wani likitan Ingila mai suna Matthew Dobson ya busar da fitsarin mai wannan ciwo ya samu sukari a ƙasan kwano.

Na uku jini. Yana iya zama daga tsakuwa, ko ciwon mafitsara, ko kumburin ƙoda, ko ciwon daji, musamman ga dattijo. Amma ga yaranmu abin da ya fi yawa shi ne tsargiya, kuma zan dawo kanta.

Na huɗu ruwan ɗiwa da ƙwayoyin cuta, waɗanda ke sa fitsari ya yi gurɓi-gurɓi, da zafi ko raɗaɗi wajen fita. Wannan ne ainihin ciwon mafitsara, kuma gwaji ne ke nuna irin ƙwayar da maganin da zai kashe ta. Kalmar "sanyi" da muka mayar buhun da ake zuba kowace cuta a ciki ba ta nuna komai.

Launi ma yana magana. Fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske alama ce ta isasshen ruwa a jiki. In ya yi duhu, galibi ruwa ne ya yi ƙaranci. In ya koma kamar shayin da ba madara, musamman tare da ido ya yi ɗorawa, a tuhumi hanta ko fashewar ƙwayoyin jini, a hanzarta zuwa asibiti. Wasu magunguna kuma suna rina shi ba tare da wata cuta ba: rifamfisin na tarin fuka yana mayar da shi ja-ja kamar manja, ƙwayar bitamin B tana sa shi ɗorawa shar.

MAGABATA BA SU JI KUNYAR WANNAN ILMI BA

Kada wani ya ɗauka duban fitsari baƙon ilmi ne da Turawa suka kawo. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya ware babi a littafinsa Alƙanunu Fiɗ Ɗibbi yana bayanin yadda likita zai dubi launin fitsari, da kaurinsa, da garai-garai ɗinsa, da abin da ya kwanta a ƙasansa, da yawansa, da warinsa, da kumfarsa. Kafinsa, a birnin Ƙairawan, garin mai Risala, likita Ishaƙ Al'isra'ili ya rubuta littafi sukutum a kan fitsari, wanda aka fassara zuwa Latin aka yi ƙarnoni ana karantar da shi a Turai. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da wanda ya keɓe ga ciwon basur. Idan Sarkin Musulmi bai ga ƙasƙanci a rubutu kan basur ba, ban ga dalilin da zai sa malamin Islamiyya ya ji nauyin yi wa ɗalibansa bayanin kumfar fitsari ba.

Littattafan da muka tashi da su, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, sun yi maganar fitsari filla-filla: yadda ake istibra'i, da yadda ake tsarki, da hukuncin mai yoyon fitsari. Kowa ya san hadisin kaburbura biyu da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas, inda aka nuna ɗaya daga cikin masu su ana yi masa azaba saboda rashin kiyaye kansa daga fitsari. Addinin da ya yi wannan bayani dalla-dalla bai bar mana kafar cewa maganar ta fi ƙarfin baki ba.

HALIN DA MUKE CIKI A WANNAN ƁANGARE NA KOGI

Kakuri da Makera da Nasarawa unguwannin ma'aikata ne. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. A zamanin da masaƙu ke gudu, ma'aikaci yana da likitan da zai gani ta hanyar wurin aikinsa, kuma ba a cika ɗaukar mutum babban aiki ba sai an duba lafiyarsa. Da KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi sahu, dubban magidanta sun rasa albashi, sun kuma rasa wannan ido da ke kansu. Yau da yawansu da 'ya'yansu suna kan babur da Keke, ko wurin buga bulo, ko dako a Kasuwar Litinin ta Kakuri da garejin Television, ko ɗibar yashi a bakin kogi. Aiki ne na rana da gumi.

Ga yadda abin yake haɗuwa. Mutum ya wuni cikin zafin Maris da Afrilu yana gumi, bai sha ruwan kirki ba, fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ƙoda tana aiki da ƙarancin jini. Da yamma ya ɗora mata ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda aka tabbatar suna rage jinin da ke shiga matatun ƙoda. Wani lokaci ma haɗi ne na ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulle a leda, ba suna ba takarda. Ya ƙara da jiƙon da mai sayar da shi kansa bai san ma'auninsa ba. Idan da hawan jini ko ciwon sukari a ɓoye, sai ɓarna ta taru a kan ɓarna. Mata kuma suna da nasu: wasu mayukan bilicin na ɗauke da sinadarin makuri mai yaga matatun ƙoda, sannan 'yar kasuwa da ba ta da makewayi mai tsabta kusa da rumfarta takan rage shan ruwa da gangan ta kuma riƙe fitsari wuni guda.

Sai maganar tsargiya. Tsutsa ce da wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Tana zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su huda bangon mafitsarar su fito tare da fitsari, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsarin yaro. In mai ita ya yi fitsari a kogi ko kududdufi, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin dodon koɗi, ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta. A wasu wurare har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji, alhali in ta daɗe tana toshe hanyar fitsari, ta lalata ƙoda, ta jawo dajin mafitsara. Maganinta, firazikwantel, ƙwaya ce da ake sha gwargwadon nauyi ko tsayin mutum. Mai karatu ya lura: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi kashedi a kan ɓata mashayar jama'a. Da za a kiyaye wannan hani, da an yanke wa tsargiya hanya a daidai inda take sake haihuwa. Yaranmu da na maƙwabtanmu Kiristoci na Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi ruwa ɗaya suke shiga, kuma tsutsar ba ta tambayar sunan kowa.

Ƙarshen wannan hanya sananne ne. Wankin ƙoda yadda ya kamata sau uku ne a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, har iyakar rai ko har a samu dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma kuɗinsa da kuɗin magungunan da ake sha bayansa sun fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Tsinken gwajin fitsari kuwa, wanda ake tsomawa a karanta cikin minti biyu, yana cikin gwaje-gwaje mafi araha a kowane ɗakin gwaji.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Wani zai ce najasa ce, yaya zan ɗura ta a kwalba in ɗauka? Amsa ita ce Shari'a ta hana ka yin sallah da najasa a jikinka ko tufarka ko wurin sallarka. Ba ta hana ka kai ta wurin likita don neman lafiya ba. Ka rufe kwalbar, ka miƙa, ka wanke hannunka, shi ke nan.

Wani zai ce ciwo da ajali na Allah ne. Haka ne, babu mai ja. Amma wanda ya ƙaddara ciwo Shi ya yi umurni da neman magani, kuma babu ɗayanmu da ke barin babur ɗinsa a buɗe a bakin kasuwa da sunan tawakkali.

Wani kuma, da gaskiyarsa, zai ce wannan magana za ta buɗe ƙofar waswasi, mutane su riƙa tsayawa a makewayi suna ƙura wa fitsari ido. Wannan tsoro yana da tushe, domin mun san yadda waswasin tsarki ke wahalar da wasu. Saboda haka a fahimce ni. Kallo ɗaya ya isa. Kumfar da ta taso don ƙarfin zuba ta baje nan take ba komai ba ce. Duhun fitsarin asuba ko na mai azumi da la'asar ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne canjin da ya zauna kwanaki yana maimaituwa, sai jini, wanda ko sau ɗaya aka gan shi ya isa dalilin zuwa asibiti.

Akwai kuma gaskiyar da dole in faɗa ko da za ta rage wa maganata ƙarfi: ido ba ya ganin komai. Ciwon ƙoda yakan yi shekaru yana ci ba tare da fitsari ya canja a ido ba, kuma ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 10 a duniya yana ɗauke da shi, akasari ba su sani ba. Don haka duba da ido matakin farko ne kawai. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da wanda ya haura shekara 40, da wanda aka yi ciwon ƙoda a gidansu, su gwada fitsari da kiriyatinin na jini aƙalla sau ɗaya a shekara ko da suna jin garau.

Game da masu yaɗa cewa shan fitsarin mutum magani ne, abin da aka lissafa a sama ya isa amsa. Abin da ƙoda ta wahala ta fitar, mayar mata da shi ƙarin kaya ne, kuma fitsari ba ya rasa ƙwayoyin bakteriya. Ga shi najasa, ga shi babu wata hujjar likitanci da ta tabbatar da amfaninsa.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na farko, malaman Islamiyya da masu karatu tsakanin magariba da lisha, idan sun zo babin tsarki, su ƙara minti goma su faɗi alamomin nan: kumfa mai tsayawa, jini, launin shayi, yawan fitsarin dare, raguwarsa ƙwarai, zafi wajen fita, kumburin ƙafa da fuska. Malamai mata su yi wa mata. In malami bai saki jiki da bayanin ba, ya gayyato ma'aikacin lafiya daga cikin ɗalibansa, ba mu rasa su ba.

Na biyu, kwamitocin masallatai da 'yan agaji su haɗa kai da ma'aikatan lafiya masu lasisi su ware rana, ko sau biyu a shekara, ta gwajin fitsari da awon jini da sukari. Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, kuma ta dace da shigowar zafi. A buɗe ƙofa ga kowa a unguwa, Musulmi da Kirista. Wanda aka ga wani abu a nasa a tura shi asibiti, ga Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard nan a Kakuri, kada a rubuta masa magani a farfajiyar masallaci. Kuɗin da muke tarawa bayan sallar Juma'a don wankin ƙodar mutum ɗaya na mako guda zai gwada jama'a masu yawa.

Na uku, iyaye su tambayi 'ya'yansu maza kai tsaye ko suna ganin jini, domin yaro ba zai faɗa da kansa ba. A hana su wanka a kududdufi da gefen kogi, kuma idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsargiya a makarantu a ba su haɗin kai.

Na huɗu, ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, da shugabannin kasuwanni da tashoshin mota, su ɗauki makewayi mai ruwa a matsayin haƙƙin jama'a. Ba shi yiwuwa a yi ta yi wa mutum wa'azin kada ya tsuguna a lungu ko bakin ruwa alhali ba a tanadar masa inda zai je ba. Mu ma mu fara da makewayin masallatanmu.

Na biyar, kowa ya ji tausayin ƙodarsa. A sha ruwa har fitsari ya yi haske, musamman masu aikin rana, kuma mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur. A rage gishiri da dunƙule. A bar haɗiyar ƙwayar da ba a san sunanta ba. Wanda likita ya riga ya ce ƙodarsa ta taɓu, ya tambaye shi adadin ruwan da zai sha da kuma batun azumi, domin nasa hukuncin daban ne, kuma Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu likitan da zai bi ka makewayi. Kai kaɗai kake ganin abin da jikinka ke fitarwa, sau biyar ko shida a kowace rana. Kafin ka karkata buta, ka duba sau ɗaya, sannan ka wanke kamar yadda aka koya maka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu dace da tsarkin jiki da na zuciya. Amin.